Gargaɗin da ba ya bin katun zuwa wayoyinmu

Ya Edita,

A watan Oktoba na 2020 kamfanin Disney ya sanya gargaɗi na daƙiƙa 12 gaban wasu tsofaffin fina-finansa na katun, kan yadda suke wulaƙanta wasu al'ummu. A Dumbo na 1941, shugaban hankakin da ke kwaikwayon maganar baƙaƙen Amurka sunansa Jim Crow, wato sunan dokokin wariyar launin fata. A Peter Pan na 1953 kuwa 'yan asalin ƙasar Amurka aka mayar abin dariya.

Inda gizo ke saƙa shi ne gargaɗin rubutu ne, da Turanci, ga yaron da ko sunansa bai iya karantawa ba. Kuma a manhajar kamfanin yake, don haka da zarar an sauke katun a memori an tura wa maƙwabci, gargaɗi ya faɗi a hanya. Tom and Jerry da yaranmu ke kallo shi ma haka yake zuwa ba gargaɗi, har da wuraren da nakiya ke fashewa fuskar Tom ta koma baƙa ƙirin da manyan leɓɓa.

Ya kamata gidajen talabijin namu su naɗi gargaɗin da murya cikin Hausa, su manna shi a farkon fim ɗin kansa, su faɗi mintin da wurin wulaƙancin zai bayyana domin iyaye su tsallake shi.

Mai karatu daga Kano