Sanarwa: Fitar kallon tsuntsaye ranar Asabar

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da damina.

In Allah ya kai mu Asabar za mu fita kallon tsuntsaye a bakin Kogin Kaduna. Mahaɗa ƙofar Gamji, ƙarfe 6:30 na safe. Don Allah a daure a zo da wuri, domin da sanyin safiya tsuntsaye suka fi kai-komo.

Yanzu ne lokacin shamuwa. Tana zuwa mana daga kudancin Afirka da farkon ruwa, ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe, ta koma da kaka. Akwai kuma belbela, da zalɓe da ke tsayawa ƙyam a gefen ruwa yana dakon kifi.

Malam-buɗe-littafi kuwa sai rana ta ɗan ɗaga, don ba ya iya tashi sai jikinsa ya ɗumama. Ku duba inda laka take da danshi, za ku gan su sun taru suna tsotsar gishirin ƙasa, fukafukai a tsaye. Shi ma mazari a kula da shi sosai. 'Ya'yansa a cikin ruwa suke girma suna cin tsutsar sauro, shi kuma babban yana cafke sauron a iska. Ni dai ina ganin wannan ƙwaro ya cancanci mu daina bari yara na tsinke masa fiffike.

A sa takalmi rufaffe saboda maciji, a zo da ruwan sha da lema. Kogi ya cika, kada kowa ya sauka gaɓa. Ba a zuwa da danƙo.

Mai zuwa ya rubuta sunansa kafin daren Juma'a.