Masu Ɗaga Mota Sama, A Auna Kafin A Sayi Shakazoba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu motocin shiga daji, musamman na yankinmu na Haɗeja, Kiri Kasamma da Guri, a kan wani sakaci da ke cinye musu kuɗi, wani lokaci ma ya jefa rayuka cikin haɗari.

Duk wanda ya san hanyoyinmu ya san dalilin ɗaga mota. Da damina manyan motoci kan haƙa kwari biyu su bar tudu a tsakiya, da rani kuwa rairayi ne da gargada, ga buhunan shinkafa da riɗi da ake son kaiwa kasuwar Gujungu ko Maigatari. Saboda haka mai Hilux ko Land Cruiser yakan sa a ƙara masa ganyen sifirin, motar ta tashi da inci 2 ko 3. Ban ga laifin wannan ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, ana gama aikin sai a mayar da tsohuwar shakazoba, ko a aiki yaro da ita a hannu ya sayo irinta.

Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota. Aikin shakazoba shi ne ta hana shi ci gaba da lilo bayan an faɗa rami, domin taya ta zauna a ƙasa, birki da sitiyari su sami abin kamawa. Kowace tana da iyakar miƙewa da iyakar tsukewa, kuma kamfani ya daidaita su ne da tsayin motar na asali. Idan aka ɗaga mota da inci 2, wato kimanin milimita 50, tsohuwar shakazoba ta riga ta ci wannan daga miƙewarta tun motar tana tsaye, don haka da zarar taya ta zurma rami sai ta kai ƙarshe da fizga, a ji ƙara kamar an buga guduma a ƙarƙashin kujera. Wannan fizgar ce ke yaga bushi, wato robar da ke cikin maɗaurin shakazoba, ita ce kuma ke tsinke kunnen da aka ɗaura ta a jikin shasi, mai walda ya liƙe yau, ya sake tsinkewa mako mai zuwa. Wanda ya sayo mafi tsawon da ya gani a kanti shi ma bai tsira ba, domin idan aka loda kaya za ta tsuke har ƙarshe kafin aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyi biyu, ya taɓa robar da aka tanada don tare shi, sandarta ta lanƙwashe, mai ya zube.

Maganin abin awo ne, kuma ba ya buƙatar wata na'ura sai jak da tef. A kwance shakazoba, a ɗaga shasi har aksul ya rataya, a auna tsakanin maɗauran biyu, tare da lura cewa tiyon birki bai ɗame ba, domin shi ma yakan gajarta bayan ɗagawa. Sannan a ƙiyasta tazarar idan aksul ya danne robarsa. Da waɗannan alƙaluma biyu a rubuce ake zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ba da sunan mota kaɗai ba.

Sai maganar iri. Gargada tana dafa man da ke cikin shakazoba, kuma duk wanda ya kai hannu kusa da ita bayan doguwar tafiya a burji ya ji zafin. Idan man ya yi kumfa sai ta saki, motar ta fara rawa. Mai bututu ɗaya, irin wadda Bilstein ya yi suna a kai, ta raba mai da iskar naitirojin kuma tana saurin huce zafi, amma idan dutse ya lotsa jikinta ta gama aiki, tunda a wannan bangon fistan ke kai-komo. Mai bututu biyu ta fi jure lotsawa, ta fi kuma sauƙin kuɗi. A ganina, direban da ke bin taɓo a hankali da kaya masu nauyi, mai bututu biyu mai kauri ta ishe shi, matuƙar ƙarfinta ya dace da sifirin ɗin da aka ƙara. Shakazoba masu ɗan ƙarin tankin mai a gefensu kuwa, sai wanda ke gudu mai tsawo a gargada, kuma kuɗinsu ba na manomi ba ne.

Game da na hannu, a duba sanda ko ta karce, a kuma guji wadda ƙura ta manne wa mai a wuyanta ko aka yi mata sabon fenti. A canza su biyu-biyu, hagu da dama, kuma kada a ɗaure noti tamau sai motar ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba bushi zai murɗe ya mutu da wuri.

Masu Hilux ƙirar 2005 zuwa sama su lura cewa gabanta ba aksul guda ba ne, kowace taya da hannayenta, saboda haka wuce inci 2 yana karkatar da shaf, wato sandar da ke juya taya, ya riƙa yaga robarsa. Mota kuma idan ta ƙara tsayi ta ƙara saurin kifewa a kwana, balle an jibga buhuna sama an ɗora mutane a kai. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na kanikawa a tashoshinmu da su sa ido a kan wannan aiki kafin ruwan bana ya sauka.

Na gode.

Naka,
Wani bakanike daga Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, Jihar Jigawa.