Rahoton Kwamitin Gyaran Rufi da Ɗakin Ajiya na Gidan Adana Kayan Tarihi

Kwamitin da aka ɗora wa alhakin wannan gyara yana sanar da masu ruwa da tsaki cewa aiki ya kammala. Ɗan kwangila ya miƙa makullai, ma'aji kuma ya tanadi rasit na duk abin da aka kashe ga mai son dubawa.

Tallafin da gwamnati ta bayar na gyaran zauren baje koli ne. Da muka zagaya da injiniya sai muka tarar ainihin ciwon yana can baya, a ɗakin ajiya, inda mafi yawan kayan suke kuma idon baƙo ba ya kaiwa. Rufi yana yoyo, silin ya jiƙe, gara ta ci ƙafafun kantocin katako, tsofaffin takardu da tufafi sun fara hunhuna. Muka rubuta neman izinin karkatar da kaso mafi tsoka zuwa can, aka amince, kuma muna godiya da hakan.

An sauya kwanon rufi da indararo. An kwashe kantocin katako, an kafa na ƙarfe da suka ɗago kaya daga ƙasa. An sa na'urar auna danshi, domin takarda da fata da saƙa sun fi zama lafiya idan danshin iska ya tsaya kusa da kashi 50 cikin 100. Idan ya daɗe sama da 65 hunhuna ke samun wurin zama. A zauren baje koli an rage hasken da ke dukan tufafi zuwa lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), saboda launin da haske ya kodar ba ya dawowa.

Wayoyin lantarki muka fi jayayya a kansu, wasunmu na ganin za su iya jira. Abin da ya raba gardamar shi ne tunawa da daren 2 ga Satumba, 2018, lokacin da gobara ta cinye Gidan Tarihin Ƙasa na Brazil a Rio de Janeiro, mai ɗauke da kaya kusan miliyan 20, bayan shekaru ana rage masa kuɗin kula da gini. Aka sabunta wayoyin gaba ɗaya, aka sa na'urar jin hayaƙi da tukwanen kashe gobara.

Abin da ya rage a wuyanmu shi ne kuɗin kulawa. Tallafin na sau ɗaya ne, alhali share indararo, feshin gara da sake cika tukwanen gobara aikin kowace shekara ne. Shawarar da UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da ita a 2015 ta nemi gwamnatoci su tsara wa gidajen tarihi isasshen kuɗi. A kan haka muka miƙa takardar neman a ware wa gidan kaso a kasafin kuɗin shekara. Kafin amsa ta zo, ma'aikata za su riƙa rubuta awon danshi safe da yamma, kwamiti kuma zai sake hawa duba rufin bayan ruwan sama na farko.