Sanarwa ga Ƴan Kwamitin Inganta Aiki

Assalamu alaikum ƴan uwa abokan aiki, barkanmu da ƙoƙari.

Akwai zama ranar Laraba mai zuwa da ƙarfe 2 na rana a ɗakin taro. Takardar tantance tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai abubuwa 19, ta fara zama aikin cika ido a wurinmu. Ana sa mata alama bayan an gama, alhali a baki ake karanta ta sau uku: kafin maganin barci, kafin yanka, da kafin a fitar da majiyyaci daga ɗakin tiyata. Ni dai ban ga ganganci ba. Waɗanda suka iya abin an yi musu canjin wurin aiki, sababbin kuma ba wanda ya zaunar da su.

Kowane shugaban sashe ya zo da takardun tiyata goma na baya-bayan nan, da sunayen waɗanda ba su sami horo ba. Za mu naɗa mai jan karatun a aikin safe da na dare, da wanda zai riƙa ƙirga takardun kowane wata ya liƙa sakamakon a bango.

Wanda ke bakin aiki ya turo wakili.

Allah ya ba majiyyatanmu lafiya. Na gode.

Sakataren kwamiti