Tallan shagon intanet ba sai da kuɗi mai yawa ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwanmu mazauna Makka, Jidda da Madina, musamman mata masu sayar da turaren wuta, humra, abaya da dabino ta waya. Da yawa sukan buɗe shago yau, gobe su kwashi rabin jari su miƙa wa masu tarin mabiya a Snapchat don a tallata musu, bayan kwana biyu kuma ka ji shiru. Abin yana damuna ƙwarai, domin tallan da ya fi kawo ciniki kusan kyauta ne.

A fara da WhatsApp Business. A jera kaya a katalog, kowanne da hotonsa da farashinsa da riyal, har da kuɗin kai kaya. Al'adar nan ta "a biyo ni ta bayan fage don jin farashi" korar masu saye take yi. Jerin aika saƙon bai-ɗaya yana ɗaukar mutum 256, amma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki a wayarsa. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: a tura wa mutum ɗari biyu, ashirin su gani, a ce kasuwa ta mutu. Don haka babban aiki shi ne a sa mai saye ya ajiye lamba. A saka ƙaramin kati a kowane ƙunshi, mai ɗauke da sunan shago da lamba, a haɗa da 'yar kwalbar humra mai mililita 3 ta gyara. Wannan kwalbar za ta shiga gidan biki, a tambayi mai ita inda ta samo.

Hoto ba ya buƙatar kyamara. Farin ƙyalle a bakin taga bayan La'asar ya isa, kada a kunna fitilar waya, domin tana mayar da baƙar abaya toka-toka, mai saye ta ce ba ita ta gani ba. Bidiyon daƙiƙa 15 da ke nuna hayaƙi na tashi daga kasko, ko hannu yana murza yadin abaya, ya fi hoto goma. A rubuta tsawon abayar, inci 54 ne ko 56 ko 58. Bayani kuma a yi shi da Hausa da Larabci, tunda da Larabci ake bincike a TikTok a nan.

Sitatos na WhatsApp awa 24 yake yi. Uku ko huɗu a rana sun wadatar, wanda ya zuba talatin, masu kallo rufe nasa suke yi. Bayan Isha'i ne mutane ke kan waya, a watan azumi kuwa daga bayan tarawihi har sahur. Ma'aikatan gwamnati suna karɓar albashi ranar 27 ga wata, sai a ajiye sabon kaya zuwa lokacin. Kafin aikin Hajji da wata biyu a fara tura katalog ga dangi a Kano, Sakkwato da Maraɗi, saboda alhazan da za su sauka unguwar Misfala ta Makka su san wajen wa za su yi tsaraba.

Edita, akwai batun doka, kuma ba wasa ba ne. Mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama a Saudiyya, da ya yi kasuwanci da sunan ɗan ƙasa ya faɗa laifin tasattur, wanda hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Wanda ke karɓar kuɗi ya yi wa wasu talla a soshiyal midiya sai da lasisin Mawthooq, riyal 15,000 na shekara uku, don haka a nemi ganin nasa kafin a biya shi. Dokar cinikin intanet ta 2019 ta ba mai saye damar maido da kayan da bai yi amfani da su ba cikin kwana 15. A rubuta wannan sharaɗi ɓaro-ɓaro a saman shafi tare da lambar rajistar shago, domin baƙuwar da ba ta san ki ba su take dubawa kafin ta tura kuɗi.

Wassalam,
Mai karatunku daga Sharar Mansur, Makka