Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ɗan'uwa mai tambaya kan gwajin tsilar alade a ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum, Malam.

A taron ma'aikatan lafiya ka miƙe ka yi tambaya a bainar jama'a: tun da an ce tsilar alade ta Asiya ta sha bamban da ta Afirka a ƙwayoyin gado, ko gwajin jinin da aka haɗa da tsutsar wata nahiya zai kama cutar a jikin majinyatanmu masu farfaɗiya? Lokaci ya ƙure a ranar, shi ya sa muka rubuto maka.

Bambancin gaskiya ne. A 2002 Minoru Nakao da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa Taenia solium, wato tsilar alade, ta rabu gida biyu: jinsin Asiya, da jinsin da Afirka da Latin Amurka suka yi tarayya a kai. Daga baya aka tarar da duka biyun a Madagaska. Sunadaran ruwan ƙullutun tsutsar (jakar ruwan da take zama a ciki), waɗanda garkuwar jiki ke yi wa antibodi (sinadarin kariya da ke cikin jini), su ma ba sa fitowa tsaf iri ɗaya tsakanin jinsunan. Amma a ganinmu ba nan gizo ke saƙa ba. Abin da ya fi kayar da gwaji shi ne yawan ƙullutun da ke cikin kan majinyaci, da ransu ko mutuwarsu, da tsabtar antijen ɗin, wato sunadarin tsutsar da aka haɗa gwajin da shi.

Ɗauki gwajin jini na EITB, wanda Victor Tsang ya fitar a cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) a 1989. Ana tace sunadaran tsutsar, a shimfiɗa su kan wani siririn tsiri, a zuba masa ruwan jinin majinyaci. Layukan sunadarai bakwai ake nema, daga GP50 a sama, sai GP42-39 da GP24, har zuwa GP13 a ƙasa. Ko ɗaya ya fito, akwai antibodi. Idan mutum na ɗauke da ƙullutu biyu ko fiye masu rai, gwajin na kama kusan kashi 98 cikin 100. Idan ɗaya ne tak, sai ya sauko tsakanin 50 da 70. A Indiya, inda ƙullutu ɗaya ya fi yawa, gwajin kan yi rauni, har wasu su ɗora laifin kan jinsin Asiya, alhali ƙarancin tsutsar kaɗai ya isa ya jawo haka. Idan kuwa ta mutu ta daskare kamar tsakuwa, antibodi na iya ɓacewa farfaɗiyar tana nan.

Wanda muke jin tsoro shi ne gwajin jini na ELISA mai ɗanyen antijen, wato wanda ba a tace ba, don shi ya fi araha, shi kuma aka fi samu. Yana ruɗewa da tsutsar Echinococcus da Hymenolepis nana, ya ce akwai alhali babu. Ka tambayi mai sayar maka da wane antijen aka haɗa kayan. Tatacce ko wanda aka haɗa a ɗakin gwaji irin rT24H ya fi, domin ba ya canzawa daga kwali zuwa kwali. Ruwan jinin kuma a ajiye shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Ɗauke wuta da ke sa ya narke ya sake daskarewa yana ɓata samfuri ba tare da ka gani ba.

Antibodi shaida ce kawai ta cewa jiki ya taɓa haɗuwa da tsutsar. A ƙauyukan Peru an ga mutane sun nuna shi, bayan wani lokaci ya tafi. Gwajin antijen na B158/B60, mai neman sunadarin tsutsar kanta a jini, shi ke nuna tsutsa mai rai, kuma yana raguwa bayan magani. Hukunci dai na hoton CT ne ko MRI: baƙin rami zagayayye mai farin ɗigo a ciki, wato kan tsutsar.

Don Allah kada tarihin cin abinci ya sa ka yi watsi da zato. Naman alade tsilar hanji yake haifarwa. Ta ƙwaƙwalwa kuwa daga ƙwan da ke bayan-gidan mai ɗauke da tsilar take, ta hannu ko abinci ko ruwa. A 1992 an ba da rahoton cutar a gidajen Yahudawan New York da ba sa taɓa alade. A yammacin Kamaru da kudancin Chadi, inda ake kiwonsa sake, 'yan'uwanmu da ba sa cin alade na cin kasuwa ɗaya da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na haddasa kusan kashi 30 na farfaɗiya a inda ta yi katutu.

Kada a ba da maganin tsutsa albendazol kan sakamakon jini kaɗai. Tsutsa idan tana mutuwa ƙwaƙwalwa kan kumbura. A fara da hoto, a duba cikin ido, a tsayar da farfaɗiyar, a soma maganin kumburi, sannan albendazol miligiram 15 kan kowane kilo a rana, kwana 10 zuwa 14, a haɗa da maganin fraziƙwantel idan ƙullutu masu rai sun wuce biyu. A kuma duba bayan-gidan mutanen gidansa.

Wassalam,
'Yan'uwanka a fagen aiki