Wasiƙa ga Iyaye: Yaranmu, Ƙwallon Kwando da Ƙwayoyin Ƙara Kuzari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da masu riƙon ɗalibai, muna gaishe ku da fatan alheri. Yaya kasuwa, yaya ɗawainiya da yara? Allah ya saka da alheri. Jarrabawar tsakiyar zango ta wuce, sakamako yana hannun malaman aji ga duk mai son gani. Wasannin gidaje kuma suna tafe. Saboda su ne muka ware wannan wasiƙar kusan kacokan ga magana ɗaya.

Ƙwallon kwando ta shiga ran yaranmu, maza da mata. Da an tashi tara sai fili ya cika, ranar Asabar kuma wasu daga nan Agege suke hawa mota har Rowe Park a Yaba ko babban filin wasa na Surulere. 'Yan matan sun ƙara ƙaimi tun da D'Tigress, tawagar matan Najeriya, ta kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Faris a 2024, abin da babu wata tawagar ƙwallon kwando ta Afirka da ta taɓa yi. Mazan kuwa ba sa gajiya da tuna mana cewa Hakeem Olajuwon a nan Legas aka haife shi, ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1994 da 1995, yana azumi yana shiga fili. Duk wannan muna murna da shi.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne hirar da malamin wasanni ya fara ji a bakin fili: garin ƙara tsoka, ƙwayar ƙara tsawo, allurar da wai "duk manya suna yi". A jakar wani ɗalibin babban aji an samu roba cike da gari, babu lambar NAFDAC, babu sunan inda aka yi shi. A wurin ɗaga ƙarfe na unguwa aka sayar masa. Mun zauna da mahaifinsa, magana ta mutu a nan, kuma ba za a ji sunan yaron daga bakinmu ba.

Tunda yara da manyan 'yan wasa suke kafa hujja, bari mu faɗa muku yadda abin yake a can. A NBA ta Amurka ana gwada fitsarin 'yan wasa ba tare da sanarwa ba, tun kakar 2015 kuma aka ƙara da gwajin jini. Wanda aka kama karon farko, wasa 25 zai zauna ba albashi, a kakar da gaba ɗayanta wasa 82 ne. Karo na biyu wasa 55. Deandre Ayton, wanda shi aka fara zaɓa a cikin sababbin 'yan wasa na 2018, ya sha wannan hukunci a 2019 kan maganin sa fitsari, irin wanda ake amfani da shi a wanke alamar wata ƙwaya daga jiki. A shekarar ce aka dakatar da John Collins, sai Tristan Thompson a Janairun 2024.

Wanda muke so ku fi lura da shi Bobby Portis ne na Milwaukee. A Fabrairun 2025 aka dakatar da shi wasa 25, kuma ba kan wani baƙon sinadari ba, kan tiramadol ne, wannan dai da muka sani a lungunanmu. Wakilinsa ya ce kuskure ne, ya ɗauka wani maganin ciwo ne mai suna kusan iri ɗaya wanda aka yarda da shi. Ko da gaskiyarsa, hukuncin bai ragu da wasa ko ɗaya ba. Dokar wasanni haka take: duk abin da aka samu a jikinka, kai ne da alhaki, ko koci ne ya miƙo maka, ko aboki, ko mai kemis. Hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyi a wasannin duniya, wadda aka kafa a 1999, ita ma ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024.

Mu ma a gida ba mu tsira ba. Blessing Okagbare ta ci zagayen farko na tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Tokiyo a Yulin 2021, washegari aka hana ta shiga zagaye na gaba saboda sinadarin girman jiki da aka gani a jininta. An yanke mata shekara 10, daga baya aka mayar 11. Abin mamaki, azurfar da take da ita ta dogon tsalle daga Olamfik ta Beijin 2008, tagulla ce da farko, sai da aka kama wata 'yar Rasha da ƙwaya aka ɗaga ta. Amma labarin da ya fi kusa da mu na Chika Amalaha ne. Shekararta 16, sa'ar 'yan ajinmu na SS2, lokacin da ta ci zinare a ɗaga nauyi a gasar Commonwealth ta Glasgow a 2014. Cikin 'yan kwanaki aka karɓe lambar. Yarinya mai wannan shekaru ba ita kaɗai take yanke wa kanta abin da za ta haɗiya ba. Akwai babban da ya ba ta, ko ya gani ya kau da kai. Sunanta ne dai ya ɓaci.

Kuma zalunci ne ga wanda ya yi gumi da halalinsa. 'Yan tseren miƙa sanda na Najeriya sun zo na biyu a Olamfik ta Sidni a 2000. Sai da wani ɗan Amurka ya amsa laifinsa, aka ba su zinarensu a 2012, watanni bayan rasuwar Sunday Bada, ɗaya daga cikinsu. Bai taɓa riƙe ta a hannu ba.

Ga yaro mai tasowa, asarar lamba ita ce ƙarama. Ƙashin yaro yana tsawo ne daga wani guringuntsi da ke bakin gaɓoɓi, wanda ba ya rufewa sai an gama balaga. Sitiroyid, wato sinadarin ƙara tsoka, yana gaggauta rufewarsa. Yaron da ya sha don ya kai kwando, yana iya tsayawa inda yake har abada. Garin neman ƙiba an samo rama. Bayan wannan akwai lahani ga hanta da zuciya, hawan jini, ƙurajen fuska da baya, fitowar nono ga namiji da raguwar maniyyi, ga saurin fushi marar dalili. Mace kuma muryarta takan buɗe, gashi ya fito mata a fuska, al'ada ta rikice, muryar kuwa sau da yawa ba ta komawa. Tiramadol yana danne zafi, yaro ya ci gaba da gudu a kan targaɗe har ya zama karaya, ga jijjiga kamar ta farfaɗiya, ga kamu mai wuyar saki.

Maganar gaskiya, allurar 'yan NBA ba ta kai aljihun yaranmu ba. Abin da ya kai shi ne na ɗari biyu da na ɗari biyar: tiramadol, sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don cika, lemon ƙara kuzari gwangwani biyu uku kafin atisaye. Kuma a yi mana afuwa, wani lokaci a gida yaro yake fara gani. Uban da ke aiken ɗansa sayo masa "maganin gajiya" bayan ya sauko daga babur ko ya dawo daga kasuwar Mile 12, ya riga ya nuna masa shagon da sunan ƙwayar.

Ga abin da makaranta ta tsayar. Daga yanzu ba a shigo da gari, ƙwaya ko lemon ƙara kuzari filin wasa. Ɗalibin da likita ya ɗora kan magani, kamar mai asma ko mai sikila, iyayensa su kawo takardar asibiti wurin malamar jinya kafin wasannin gidaje, ba za a hana shi wasa ba. Babu malami ko koci a cikinmu da aka yarda ya ba yaro wani abin sha da sunan ƙarfi. In an ba ɗanku, ku zo ofis kai tsaye.

Ku kuma muna roƙon ku riƙa leƙa jaka. Ku san wa ke horar da yaro ranar Asabar, ku karɓi lambarsa. In kun ga jiki ya buɗe cikin 'yan makonni, ko barci ya rikice, ko faɗa ya yi yawa, ku tambaya da lalama kafin a kai ga bulala, domin yaron da ya ji tsoro ɓoyewa yake yi. Abin da ɗan wasa mai shekara 15 yake buƙata yana kicin ɗinku: wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa, ruwa isasshe, da barcin awa takwas zuwa goma, wanda waya ce ta fi cinye shi.

A taron iyaye da malamai mai zuwa mun gayyaci likita zai yi bayani da Hausa, kuma za a ware wa iyaye mata lokacinsu na tambaya. Wanda ya samu wata roba ko ƙwaya a kayan ɗansa bai gane ta ba, ya taho da ita a duba. Za a aiko da ranar taron ta zauren WhatsApp na kowane aji.

Wassalam,
Shugaban Makaranta, a madadin malamai